Indonesiya: ruwa ya raba su, wuta na ci a ƙarƙashinsu, kuma ba Bali ce kaɗai ba

Duk wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umara ya san su tun kafin a gaya masa sunan ƙasarsu. Gajeru-gajeru haka, kaya iri ɗaya, kowa da 'yar jakarsa rataye a wuya, matan sun riƙe gefen hijabin juna suna tafe kamar jerin gwano, ko kai ka taka mutum shi zai fara yi maka murmushi. 'Yan Indonesiya kenan, kuma su suka fi kowa yawan kujeru, 221,000 aka saba ba su a shekara, mu da muke ganin mun cika Mina da 95,000 a 2023 ko rabinsu ba mu kai ba, amma duk da haka akwai yankunansu da mutum zai zuba kuɗin ajiya ya zauna jiran layi shekara ashirin ko fiye. Daga nan yawancin manyanmu suka san ƙasar, wato ƙasar Musulmi masu ladabi, shikenan. Yaran Instagram da TikTok kuma kana cewa Indonesiya za su ce maka Bali, lilo a saman gonar shinkafa da otal a bakin teku. Kowa ya taɓa giwar ne ta ɓangaren da hannunsa ya kai.

Abun da ya kamata mai niyyar zuwa ya fara sa wa a ransa shine ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce irin tamu da zaka hau mota a Sakkwato ka sauka a Fatakwal. Tsibirai ne sama da 17,000 warwatse a cikin teku, dubbai daga ciki ba kowa a kansu sai tsuntsaye. Su da kansu in za su ce ƙasar gaba ɗaya sai su ce daga Sabang zuwa Merauke, Sabang a ƙuryar yamma, Merauke a ƙuryar gabas, tsakaninsu ya haura kilomita 5,000, ya fi nisan Kano zuwa Jidda nesa ba kusa ba. Agogo ma kala uku suke amfani da shi, Jakarta tana gabanmu da awa shida, Bali da awa bakwai, Papua da awa takwas. Manyan tsibiran biyar ne, Sumatra, Java, Sulawesi, sai Kalimantan wanda shine kasonsu a tsibirin Borneo da suke rabawa da Malesiya da Brunei, sai kuma rabin tsibirin New Guinea na yamma da suke kira Papua. Ƙidayar 2020 ta ba su mutum miliyan 270, su ne na huɗu a duniya. To ga inda abun mamakin yake: fiye da rabin wannan jama'ar a Java kaɗai suke, tsibirin da girmansa bai kai kashi ɗaya cikin shida na Najeriya ba. Ka ƙiyasta a kwaso mutum miliyan 150 a zuba su a fili kamar Borno da Neja a haɗe, kuma har su noma abun da za su ci a ciki.

Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. Indonesiya tana zaune ne daidai inda manyan faranten ɓawon duniya suke gogayya, wani na kutsawa ƙarƙashin wani, shi yasa take da duwatsu masu aman wuta sama da 120 da har yanzu suke da rai, kuma Java jere take da su kamar an dasa. Tokar da suke fesowa ita ce takin, ƙasar ta yi baƙi wuluk ta yi laushi, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, manomi zai iya girbe shinkafa sau biyu har sau uku a shekara a gona ɗaya. Inda abinci yake nan mutane suke taruwa, inda mutane suka taru nan sarauta take kafuwa, shi yasa manyan daulolin da, irin su Majapahit da Mataram, a Java suka tashi, kuma har gobe mulki da kuɗi a can suka fi nauyi, abun da mutanen sauran tsibiran suka daɗe suna ƙorafi a kai. Kalimantan da ba ta da irin waɗannan duwatsun ta ninka Java girma sau huɗu amma mutanenta ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai dutsen da ke ba ka taki yana karɓar ladansa. A 1815 dutsen Tambora da ke tsibirin Sumbawa ya fashe, tokarsa ta tare rana har a Turai da Amurka aka yi asarar amfanin gona a shekarar da ta biyo. Krakatau ya yi nasa a 1883, mutum sama da 36,000 suka tafi, yawancinsu igiyar ruwa ce ta cinye su. Wanda mu muka gani a talabijin shine na 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da Aceh, a arewacin Sumatra, ta taso da tsunami, a Indonesiya kaɗai an rasa rayuka sama da 160,000, kuma da yawa za su tuna hoton masallacin Baiturrahman na Banda Aceh tsaye cak, kewaye da shi ko'ina tarkace. Merapi da ke saman birnin Yogyakarta ya kashe sama da 300 a 2010, amma ka je yau zaka tarar mutane sun koma gindinsa suna noma. A Ijen, gabashin Java, akwai masu shiga cikin ramin dutsen da daddare suna fasa farar wuta, su loda a kwanduna biyu da sanda a kafaɗa su hauro da ita cikin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, 'yan yawon buɗe ido kuma na gefe da kyamara suna ɗaukar shuɗiyar wutar da ke tashi daga ramin. Wannan hoton ni ya fi tsaya min a rai fiye da duk wani bakin teku.

Maganar yanayi ba tsawo. Ƙasar na kan tsakiyar duniya, babu hunturu babu bazara irin tamu, zafi ne mai gumi kullum, sai damina da ta fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris a Java da Bali, rani kuma daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da baƙi suka fi cika kuma komai ya fi tsada. Namun daji ma teku ta raba su. Tsakanin Bali da Lombok 'yar tazara ce, amma ruwan wurin mai zurfi ne sosai, wani Bature masanin halittu Alfred Russel Wallace ya lura dabbobin yamma da wurin irin na Asiya ne, na gabas kuma sun fi kama da na Ostireliya. A Sumatra da Borneo ake samun goggon birin nan mai jan gashi, orangutan, wai mutumin daji a yarensu, a tsibirin Komodo kuma akwai wata irin guza da take kai mita uku, tana kayar da barewa har da ɓauna, ba a shiga wajenta sai da ma'aikacin gandun daji riƙe da sanda mai baki biyu.

Abun da ya jawo musu baƙi tun farko kuwa yana cikin kicin ɗin kowace Bahaushiya. Kanumfari asalinsa daga wasu 'yan ƙananan tsibiran Maluku ne, su Ternate da Tidore, gyaɗar ƙamshi kuma daga tsibiran Banda, a da duk duniya can kaɗai ake samunsu. Larabawa da Indiyawa da Sinawa suka yi ta zuwa saye, sai Turawan Fotugal, sai na Holan da kamfaninsu na VOC, waɗanda suka ce su ba saye kawai suke so ba, su kaɗai za su riƙe kasuwar. A 1621 gwamnansu Jan Pieterszoon Coen ya kusa ƙarar da mutanen Banda kaf saboda gyaɗar ƙamshi. Kai, darajar abun ta kai a yarjejeniyar 1667 Ingila ta haƙura da wani ɗan tsibiri a Banda mai suna Run ta bar wa Holan, ita kuma ta riƙe Manhattan, inda tsakiyar New York yake yau. Mu kuma namu ya tafi can: kwakwar manja 'yar Afirka ta Yamma ce, a 1848 aka dasa 'yan tsirai huɗu a lambun Bogor, yau Indonesiya ce ta ɗaya a duniya wajen manja, duk da dazuzzukan Sumatra da Kalimantan ne suka biya kuɗin.

To ƙasar da ke da harsuna sama da 700, me ya riƙe ta? A ganina babban abun shine wata dabara da matasansu suka yi ran 28 ga Oktoba 1928, tun Turawa na nan, suka yi rantsuwa a kan ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshe ɗaya, kuma ba su ɗauki harshen Javanawa ba duk da su ne kusan kashi 40 cikin 100, sai suka ɗauki Malay, harshen kasuwa da tashar jiragen ruwa wanda ba wata babbar ƙabila da za ta yi taƙama da shi, suka sa masa suna Bahasa Indonesia. Da jagororinsu Sukarno da Hatta suka ayyana 'yanci ran 17 ga Agusta 1945 harshen na nan yana jira, Holan kuwa sai ƙarshen 1949 ta sallama bayan an gwabza. Kuma Bahaushe zai sha mamakin yadda kunnensa zai riƙa tsintar kalmomi saboda Larabcin da muka aro tare: dunia, waktu, kabar wato labari, sabun, kursi, ranakun mako kuma Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu, wa zai ɓata a nan? Ka riƙe terima kasih, na gode kenan, namiji babba ka ce masa Pak, mace ka ce Bu, kuma kar ka miƙa komai da hagu, wannan kam tarbiyyarmu ɗaya.

Kusan kashi 87 cikin 100 Musulmi ne amma ƙasar ba daular Musulunci ba ce a tsarin mulki, tana kan wasu ginshiƙai biyar da suke kira Pancasila, na farko imani da Ubangiji ɗaya, kuma addinai shida gwamnati ta amince da su. Shafi'awa ne, saboda haka ɗan Malikiyya zai ji ana bayyana bisimilla a sallah, a Asuba liman ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane jama'a na amin. A masallatai da yawa akwai wani ƙaton tambari da suke kira bedug, ana buga shi kafin kiran sallah. Manyan ƙungiyoyinsu biyu, Muhammadiyah da aka kafa a 1912 da Nahdlatul Ulama ta 1926, kowacce mabiyanta miliyoyi ne, da makarantu da asibitoci da jami'o'i, makarantun kwana na addini kuma su ne pesantren, tsangayarsu kenan sai dai an tsara ta. Musuluncin ya shiga ne ta hannun fatake da malamai, a Java ana girmama waliyyai tara, Wali Songo, da suka bi mutane ta al'adarsu maimakon su rushe ta. A garin Kudus hasumiyar tsohon masallacin da jan bulo aka gina ta sak irin ginin wurin bautar Hindu, kuma har yau mutanen garin sun fi yanka ɓauna a madadin saniya, don an ce waliyyin garin ya hana yanka saniya saboda kar a ɓata wa maƙwabta 'yan Hindu rai. Masallacin Istiqlal na Jakarta, mafi girma a kudu maso gabashin Asiya, wani Kirista Friedrich Silaban ne ya zana shi, yana kallon babban cocin Katolika, har hanya aka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa ta haɗa su. Ba wai ba a taɓa rikici ba fa, an yi na addini mai muni a Ambon da Poso wajen 1999 zuwa 2001, an kuma tayar da bam a Bali a 2002 da ya kashe mutum 202.

Jakarta, wadda Turawan Holan suka kira Batavia, Legas ce da ta ƙara ƙiba. Mutum sama da miliyan 10 a cikin gari, in aka haɗa da kewaye ya haura miliyan 30, cunkoson motoci kuma har suna gare shi, macet, kalmar da zaka koya a ranar farko ko ba ka so. Maganinsa ɗan acaɓa, su ojek suke cewa, yanzu duk ta waya ake kiransu da Gojek ko Grab, da korayen riguna, ya miƙo maka hular kwano ya ratsa da kai ta lungu. Sun buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a 2019, ya rage amma bai kashe ba. Ɗan kasuwa Tanah Abang zai nufa, Kantin Kwarinsu kenan amma bene a kan bene, hijabai, dogayen riguna, yadi, kuma 'yan Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin hanyarta. Matsalar birnin ita ce nutsewa yake yi, a zahiri ba da wasa ba, mutane sun yi ta haƙa rijiyar burtsatse suna zuƙe ruwan ƙasa har ƙasar ta riƙa zama, arewacin garin wani sashen ya koma ƙasa da teku sai katanga ke tare ruwa. Wannan na cikin dalilan da shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya sanar a 2019 za a gina sabon babban birni, Nusantara, a dajin Kalimantan ta Gabas. Mu da muka ga ƙaura daga Legas zuwa Abuja mun san irin wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Birnin Bandung na kan tudu, da sanyi-sanyi, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suka buɗe a 2023, Whoosh, yana kai ka daga Jakarta cikin ƙasa da awa ɗaya. Can aka yi taron ƙasashen Asiya da Afirka 29 a Afrilun 1955, Sudan da Gold Coast, wato Ghana ta yau, sun je tun kafin su sami 'yanci, zauren na nan an mai da shi gidan tarihi.

Amma in kwanakinka kaɗan ne ni Yogyakarta zan ce ka je. Gari ne da har yanzu Sarkinsa, Sultan Hamengkubuwono na 10, shine kuma gwamna a hukumance, fadar na nan da dogarai da makaɗa, ɗan Kano ko Zazzau ba zai ji baƙunta ba. Kusa da shi akwai Borobudur, ginin addinin Buddha mafi girma a duniya, tun ƙarni na 9, hawa-hawa na baƙin dutse da zane sama da 2,600 da aka sassaƙa a bango, da Prambanan na Hindu, dukkansu a tsakiyar ƙauyukan Musulmi kana jiyo kiran sallah daga samansu. Sannan batik. Ka shiga wani gida a lungu zaka tarar da dattijuwa zaune a 'yar kujera, gefenta ɗan kasko a kan wuta kaki na narkewa, hannunta riƙe da wani ɗan abu kamar lofe mai bakin jan ƙarfe, canting, ta ɗebo kakin ta hura bakin sau ɗaya sannan ta ja layi a farin yadi, inda kaki ya taɓa rini ba zai kama ba, a rina, a kankare, a sake zanawa a sake rinawa, zane ɗaya sai ya ci watanni. Wannan aikin ne Turawan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19 don su sayar wa 'yan Java, su kuma suka raina shi saboda kakin na tsagewa rini na shiga, sai aka karkato da kayan gaɓar Afirka ta Yamma inda wannan tsagewar ce ma ta burge mutane. Atamfar Holan da ake rigima a kanta a kayan lefe, kakarta 'yar Java ce.

Bali kuma ita ce ta fita zakka, mafi yawan mutanenta Hindu ne. Kowace safiya mata na ajiye 'yan ƙananan kwanduna na ganyen kwakwa da fure da turaren tsinke a bakin ƙofa da gefen titi, ka kula kar ka taka. Suna da ranar shiru, Nyepi, wajen watan Maris, awa 24 ba fita, ba kunna wuta, ba mota, har filin jirgin sama rufewa ake yi, baƙo ma dole ya zauna a otal. Kyau kam akwai, musamman gonakin shinkafa masu hawa-hawa a wajen Ubud, amma kudancin tsibirin ya cika maƙil da Turawa da gidajen giya da cunkoso, kuma abincin da suka fi alfahari da shi gasasshen alade ne, don haka sai ka duba tambarin halal ko ka nemi gidan abincin 'yan Padang, Musulmin Sumatra. Mai iyali da yake son teku ba tare da wannan ba ya tsallaka Lombok, maƙwabciyarta, da ake wa kirari da tsibirin masallatai dubu.

Su waɗannan 'yan Padang ɗin, Minangkabau na Sumatra ta Yamma, labarinsu zai ɗaure wa malamanmu kai: Musulmi ne na gaske masu riƙo, amma gida da gonar gado ta wajen uwa suke bi, miji ne ke tarewa gidan matarsa, samari kuma su fita neman arziki wasu garuruwa, merantau, irin cin ranin mutanenmu, shi yasa ba garin da babu gidan abincinsu. Kana zama za a jere maka ƙananan faranti goma sha a tebur, wanda ka taɓa shi zaka biya, kar ka bar rendang, naman da aka dafa da madarar kwakwa da kayan yaji har ya ƙafe ya yi baƙi. Arewa da su akwai Aceh, Barandar Makka, lardi ɗaya tilo da ke aiki da shari'a har da bulala, inda Ibn Battuta ya yada zango a daular Samudera Pasai a 1345. Tsakaninsu kuma tafkin Toba na ƙabilar Batak, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne. Tsibiri ɗaya fa kenan. A tsaunukan Sulawesi 'yan Toraja kan ajiye gawa a gida watanni ko shekaru suna ɗaukarta a matsayin mara lafiya har sai an tara kuɗin biki an yanka ɓauna da yawa, a Papua kuma mutanen baƙaƙe ne masu gashi irin namu, da dutsen Puncak Jaya mai mita 4,884 da katafaren ma'adinin zinare da tagulla na Grasberg, da rikicin 'yan aware da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abinci ba zai ba ka wahala ba in kana cin shinkafa da yaji, sambal ɗinsu ba wasa. Sate tsire ne da miyar gyaɗa, kamar an jiƙa ƙuli-ƙuli an zuba. Indomie kuwa da mai shayin unguwa ke soya maka da ƙwai, wadda yara da yawa za su rantse 'yar Najeriya ce don ana yinta a Ota, sunan ma daga Indonesiya da mie ne, wato taliya, a can zaka ga kaloli da ba ka taɓa jin labarinsu ba.

Sai maganar shiga, wadda ba daɗi. Najeriya ta daɗe cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ke sa wa biza mai tsauri, wadda sai an tantance daga Jakarta kuma sai da wanda zai tsaya maka a can, saboda haka kar wani ejan ya ce maka a filin jirgi ake bugawa kamar yadda ake wa Turawa. Safarar ƙwaya kuma hukuncinta kan kai ga kisa, kuma sun zartar a kan 'yan Najeriya a 2015 da 2016 a tsibirin kurkuku na Nusakambangan, kar ka karɓi saƙon kowa ko da leda ɗaya ce wai a kai wa ɗan'uwa. Kuɗinsu rupiya, takarda mafi girma 100,000 ce kuma ba ta kai dala goma ba, zaka zama miloniya a wajen canji ka tsiyace kafin Magariba. A hagu suke tuƙi. Tsakanin tsibirai jirgin sama ya fi, akwai manyan jiragen ruwa na Pelni masu arha amma tafiyar kwanaki ce. Kuma ka duba kalanda, satin ƙaramar Sallah da suke kira Lebaran miliyoyin mutane ke barin birane su tafi garuruwansu, mudik, iyali guda a kan babur ɗaya da kwali ɗaure a baya, su je su durƙusa gaban iyaye suna neman gafara ta zahiri da ta baɗini, tikitin jirgin ƙasa tun makonni kafin nan ya ƙare, Jakarta kuma ta yi fayau har ka iya tsallaka babban titi ba ka waiga ba.